Yadda ake jigilar kaya a cikin ƙwayar halitta

Ƙwayar halitta guda ta jijiya kan taso daga ƙasan lakar mutum har zuwa yatsan ƙafarsa, tsawon da ya kai kusan mita ɗaya. Yawancin abubuwan da take buƙata ana ƙera su ne a can wajen laka. To yaya suke isa yatsa?

Masana kimiyya sun ce amsar tana cikin wani tsari na zarurruka da suke kira ƙwarangwal ɗin ƙwayar halitta. Shi ke ba ta siffa, shi ne kuma hanyar zirga-zirgarta. Mafi kauri cikin zarurrukan su ne ƙananan bututai masu faɗin nanomita 25, wato kashi 25 cikin miliyan na milimita.

A kan waɗannan bututai wasu furotin ke tafiya ɗauke da kaya. A shekarar 1985 ne Ronald Vale da Thomas Reese da Michael Sheetz suka gano ɗaya daga cikinsu a Amurka, suka raɗa masa suna kainesin. Ƙafa biyu gare shi, yana jefa su ɗaya bayan ɗaya, kowane taku nanomita 8. Shi ke kai kaya zuwa ƙarshen jijiya, yayin da wani mai suna dainin ke dawo da su.

Sai dai dainin ba ya tantance fasinja.

Ƙwayar cutar haukan kare takan shiga jijiya a inda aka ciji mutum, sannan dainin ya ɗauke ta zuwa laka, daga nan ta wuce ƙwaƙwalwa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa cizo a fuska ko wuya ya fi na ƙafa saurin illa, domin tafiyar ta fi gajarta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce alamun cutar kan bayyana ne bayan wata biyu zuwa uku, ko da yake wani lokaci mako guda ya isa. Wannan jinkiri shi ne damar da likitoci ke da ita. Hukumar na ba da shawarar a wanke ciwon da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a kuma garzaya asibiti don allurar riga-kafi, domin da zarar alamu sun bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya rayu.