Cutar Shafukan Intanet da Hanyoyin Rigakafinta

An shirya wannan bayani ne domin wayar da kan jama'ar ƙasar nan game da wani haɗari da ya shigo tare da ci gaban zamani. A yau ɗalibi a intanet ya ke cika takardar jarrabawa, mai neman aiki a can ya ke aika takardunsa, ɗan kasuwa kuma ta can ya ke biyan kuɗi ya karɓi na ciniki. Duk inda jama'a su ke taruwa da dukiyarsu kuwa, ɓarawo ba ya yin nisa da wurin. Saboda haka ya wajaba kowane ɗan ƙasa ya san yadda shafi ke kamuwa da cuta, da yadda cutar ke kai wa ga mai ziyara, da abin da zai yi ya tsare kansa.

ABIN DA YA FARU A ABUJA

Ranar 28 ga watan Maris na shekarar 2015, watau ranar zaɓen Shugaban Ƙasa, masu kutse suka shiga shafin Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta, suka cire abin da ke fuskar shafin suka sa nasu saƙon. An gyara shi a ranar, zaɓe kuma ya ci gaba. Bayan zaɓen watan Fabrairu na 2023, Ministan Sadarwa na lokacin, Farfesa Isa Ali Pantami, ya bayyana cewa an yi yunƙurin kutse kusan sau miliyan 13 a kan shafuka da na'urorin ƙasar nan cikin kwanakin zaɓen. Sa'an nan a watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da sanarwa cewa an yi wa shafinta kutse, ta roƙi jama'a kada su gaskata wani rahoto da su ka gani a cikinsa sai ta ƙwato shi. Shafin ya yi makonni a rufe.

Waɗannan duka manyan hukumomi ne masu hedkwata a Babban Birnin Tarayya, masu ma'aikata da kayan aiki. In har za a iya taɓa su, to, shafin makaranta ko na asibiti ko na ƙaramin kamfani bai tsira ba. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

MECE CE MUGUWAR MANHAJA?

Manhaja ita ce jerin umarnin da kwamfuta ko waya ke bi ta yi aiki. Muguwar manhaja kuwa ita ce wadda aka rubuta da niyyar ɓarna, aka cusa ta cikin na'ura ba da sanin mai ita ba. Ana kiran wata irinta ƙwayar cuta domin tana yaɗuwa daga na'ura zuwa na'ura. Ba yau aka fara ba: tun a 1986 wata mai suna Brain ta fito daga birnin Lahore na ƙasar Pakistan, tana bin faifan ajiya daga hannu zuwa hannu. Abin da ya sāke a yau shi ne saurin tafiyarta da kuma manufar masu ita, domin galibinsu kuɗi su ke nema.

Kutsen da ke sāke fuskar shafi, irin na 2015, shi ne mai sauƙi, domin kowa ya gani ya san an yi ɓarna. Wanda ya fi muni shi ne wanda ba ya nuna alama. Dattawa za su tuna zamanin kurkunu, kafin a tabbatar da kawar da shi daga Nijeriya a 2013. Ruwan tafki ya kan zama garau a ido, kowa ya ɗiba ya sha, sai bayan watanni ciwon ya fito. Haka shafi mai cuta ya ke. Sunansa na nan, hotunansa na nan, mai shi ma bai san kome ba, amma duk wanda ya shiga yana iya fita da cuta.

YADDA CUTAR KE SHIGA SHAFI

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da aka fi samu iri huɗu ce.

Ta farko, tsohuwar manhaja. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da manhajar WordPress aka gina su, kuma masu shafuka su kan jona mata ƙananan manhajoji na ƙari. In aka gano rauni a ɗaya daga cikinsu, masu ita su kan fitar da gyara. Wanda bai ɗauki gyaran ba ya bar ƙofa a buɗe. Ɓarayin kuwa ba su bin shafi ɗai-ɗai da hannu. Na'ura su ke sakawa ta yi ta ƙwanƙwasa dubban ƙofofi dare da rana. Don haka kada wani ya ce shafinsa ƙarami ne, ba wanda ya san da shi. A 2023 kamfanin tsaro na Sucuri ya ƙiyasta cewa wata muguwar manhaja mai suna Balada ta kama shafuka fiye da miliyan ɗaya tun daga 2017. A 2024 kuma Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, watau NITDA, ta gargaɗi masu shafuka game da rauni a manhajar LiteSpeed Cache, wadda shafuka sama da miliyan biyar ke aiki da ita.

Ta biyu, kalmar sirri mai rauni, ko wadda ma'aikata da yawa su ka sani, ko wadda ba a sāke ba bayan wani ya bar aiki.

Ta uku, manhajar sata da a ke samu kyauta. Sau da yawa an riga an dasa cutar a cikinta. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ta huɗu, kayan aro daga wani shafi. A watan Fabrairu na 2018 aka gurɓata wata manhaja mai suna Browsealoud, wadda ke karanta shafi da murya domin masu raunin gani. Nan take shafuka fiye da 4,000 su ka kamu, har da na hukumomin gwamnati a Ingila da Amurka, alhali ba a taɓa ko ɗayansu kai tsaye ba.

ƁARNAR DA TA KE YI

Wata cutar tana zaune ne a shafin biyan kuɗi tana kwafe lambar katin duk wanda ya rubuta. Haka aka yi wa kamfanin jiragen sama na British Airways a 2018, aka kwashe bayanan mutane wajen 400,000, daga baya hukuma a Ingila ta ci kamfanin tarar fam miliyan 20 saboda sakaci. Wata tana karkatar da mai ziyara zuwa shafin caca ko na damfara. Wata tana fito da saƙon ƙarya cewa wayarka ko kwamfutarka na bukatar sabuntawa, in ka latsa ka shigar da ɓarawo da hannunka. Wata kuma tana kulle dukan bayanan da ke cikin na'ura, a ce sai an biya kuɗin fansa. A watan Mayu na 2017 irin wannan, mai suna WannaCry, ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe wajen 150, har asibitoci a Ingila su ka ɗage ganin marasa lafiya. Abin lura shi ne, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran tun watan Maris na wannan shekara. Waɗanda su ka yi jinkirin ɗauka su ne su ka sha wuya.

Waya ma ba ta tsira ba. A 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ja kunnen jama'a game da FluBot, wadda ke zuwa ta gajeren saƙo kamar sanarwar isowar kaya, ta shiga waya ta saci bayanan banki.

GARGAƊI GA MAI ZIYARAR SHAFI

1. Duba adireshin da kyau kafin ka rubuta kome. Galibin shafukan hukumomin gwamnati da .gov.ng su ke ƙarewa. Ka yi hattara da shafin ɗaukar aiki ko rabon tallafi da ya zo maka ta WhatsApp.

2. Alamar kwaɗo da a ke gani kusa da adireshi tana nufin an tsare hanyar da saƙo ke bi ne kawai. Ba shaida ba ce cewa mai shafin mutumin kirki ne, ko shafin ba shi da cuta.

3. Kada ka sauke manhaja don wani shafi ya ce ka sauke. Sabunta wayarka daga cikin saitinta, ka ɗauko manhaja daga rumbun da kamfanin wayar ya tanada.

4. In manhajar buɗe shafuka ta nuna jan gargaɗi cewa shafi na da haɗari, ka koma baya.

5. Kada ka ba kowa lambar sirri ta katinka, ko lambar da banki ke aiko maka ta waya domin tabbatar da ciniki. Banki ba ya tambayar su.

6. Kada ka yi amfani da kalmar sirri ɗaya a wurare da yawa. In aka sace ta a wuri ɗaya, an sace ta ko'ina.

7. In ka ga an taɓa kuɗinka, ka sanar da bankinka nan da nan a rufe katin, kada ka jira gari ya waye.

GARGAƊI GA MAI SHAFI

Shugaban makaranta ko na kamfani ko na ma'aikata ya sani cewa gina shafi ba shi ne ƙarshen aiki ba. Shafi kamar rijiyar gari ya ke, yana bukatar mai kula da yasa a kai a kai. A naɗa mutum takamaimai wanda nauyin ke wuyansa. A riƙa ɗaukar gyara da zarar ya fito, a cire duk manhajar ƙari da ba a aiki da ita. A sa mataki na biyu wajen shiga, yadda kalmar sirri kaɗai ba za ta buɗe ƙofa ba. A ajiye kwafin shafin a wani wuri dabam, a kuma gwada a tabbata kwafin na aiki, domin shi ne maganin mai neman kuɗin fansa.

In kuwa cutar ta riga ta shiga, a rufe shafin tukuna, a sāke dukan kalmomin sirri, a nemo tsagar a toshe ta kafin a buɗe. Wanda ya share cuta ya bar tsaga, gobe za ta komo. A kuma gaya wa masu hulɗa da shafin gaskiya domin su tsare asusunsu. Ɓoye irin wannan al'amari don gudun kunya zalunci ne ga waɗanda su ka ba da amanar bayanansu.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Dokar Hana Laifuffukan Intanet ta 2015 ta yanke wa wanda ya yaɗa muguwar manhaja da gangan, har ta yi ɓarna, ɗaurin shekara uku ko tarar Naira miliyan ɗaya, ko duka biyu. Gyaran da aka yi wa dokar a 2024 ya rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana bakwai zuwa sa'a 72. Cibiyar da ke tattara rahotannin ita ce ngCERT, a ƙarƙashin Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro. Har ila yau, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'a 72 in aka yi satar da za ta iya cutar da masu su. Wanda aka damfara kuwa yana iya kai ƙara ga Cibiyar Yaƙi da Laifuffukan Intanet ta Rundunar 'Yan Sanda da ke Abuja, ko ga Hukumar EFCC.

Ana kuma tunatar da matasa masu basirar kwamfuta cewa shiga shafin wani ba da izini ba laifi ne, ko da da wasa aka yi. Ƙasa na bukatar wannan basira wajen tsaro, kuma sana'a ce mai daraja.

Hukuma na iya kafa doka ta buɗe cibiyoyi, amma ba za ta iya tsayawa a kan kowace waya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ana roƙon duk wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa, malamai kuma su bayyana shi ga ɗalibansu. Rigakafi ya fi magani.