Yoyon tankin kifi: Asarar da ke shiga gida ba sallama

Duk wanda aka ambata masa Argungu, kifi ne ke fara faɗo masa a rai. Tun daga shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci garin aka shirya masa bikin su, sunan Matan Fada ke yawo a duniya, har hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun da duniya ke tinƙaho da su a shekarar 2016. A bikin 2020 an kama kifi mai nauyin kilo 78. To amma giwan ruwa irin wannan ba kullum ake kama shi ba, kuma kogin Rima na yau ba shi ne na kakanninmu ba, tun da aka tsare ruwansa da madatsun Bakolori da Goronyo. Wani kaso na tarwaɗar da ake ci a Birnin Kebbi da Argungu yanzu daga bayan gida take fitowa, cikin tankin siminti ko na roba ko na tamfol, inda ma'aikata da 'yan fansho da matasa suka zuba ɗan abin da suka tara.

Masu wannan sana'a sun fi yawan kuka da tsadar abinci da mutuwar 'ya'yan kifi. Akwai kuwa asara ta uku da ba a cika ambatonta ba, domin ba ta zuwa da hayaniya, wato yoyo. Bari mu yi lissafi mai sauƙi. Tankin da tsawonsa mita 3 ne, faɗinsa mita 2, idan ruwansa ya sauka da santimita ɗaya, an rasa lita 60. Idan ya sauka da santimita 5 a dare guda, lita 300 ke nan, jarka 12 mai cin lita 25, kusan lodin kurar mai ga-ruwa. Wannan ruwa ba daga sama ya faɗo ba. Inji ne ya jawo shi daga burtsatse, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da tayar da inji ke ci. Haka nan ruwan ba ɓacewa yake yi ba, yana nan yana jiƙa gindin katanga, yana tara sauro, wata rana kuma ya haɗa mutum rigima da maƙwabcinsa mai ginin ƙasa.

Abin da ya sa yoyo ke daɗewa ba a gano shi ba shi ne ɗabi'ar ƙara ruwa. Mai kiwon tarwaɗa yakan sauya ruwa a kai a kai, saboda haka duk abin da ya tsiyaye da dare, da safe an cike gurbinsa ba tare da an lura ba. A nan akwai darasi daga masu ajiye kifin teku da murjani cikin akwatin gilashi a gidajensu, a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita. Idan zafi ya ƙafar da ruwa, gishirin yana nan a akwati, don haka ruwan daɗi suke ƙarawa. Amma idan yoyo ne, ruwa da gishiri tare suke fita, sai na'urar da ke cike ruwa da kanta ta ci gaba da zuba ruwan daɗi, gishiri ya yi ta raguwa har murjani ya mutu, alhali akwatin cike yake taf. Wannan ta sa ba su yarda da ido ba, awo suke yi. Ko manyan wurare ba su tsira ba: a shekarar 2010 katafaren gidan kifin kasuwar Dubai Mall ya yi yoyo har aka kwashe jama'a, sannan a watan Disambar 2022 tankin AquaDom na birnin Balin a Jamus ya fashe da lita miliyan ɗaya da kifaye wajen 1,500.

Matakin farko shi ne a rarrabe tsakanin yoyo da ƙafewa, domin a watannin Maris zuwa Mayu rana da iska kaɗai suna shan ruwa mai yawa a wannan yanki namu. A cika bokiti da ruwa a ajiye gefen tanki, a yi alama a bakin ruwan kowanne, a rufe duk hanyar shiga da fita, a bar su kwana guda. Idan sun sauka daidai, aikin rana ne. Idan na tanki ya zarce, to akwai ɓaraka.

Mataki na biyu shi ne gano wurin. Idan ba kifi a ciki, a ƙyale ruwan ya yi ta sauka har ya tsaya da kansa, domin daidai inda ya tsaya nan tsagar take. Idan kuwa ya ƙare ƙarƙaf, laifin na daɓe ne ko na magudana. A mafi yawan lokuta ba a jikin bango matsalar take ba, tana wurin da bututu ya ratsa siminti, ko a gwiwa, ko a makullin ruwa, domin roba da siminti ba sa kama juna sosai, zafi da sanyi kuma suna motsa su dabam-dabam. A goge mahaɗar ta bushe, a naɗa mata busasshiyar takarda ko a barbaɗa toka, danshi zai tona kansa. Masu kifin teku farin gishirin da ya daskare a mahaɗa suke nema. Mu namu alamun su ne gansakuka, da farin tabo, da ciyawar da ta yi kore shar ita kaɗai a tsakiyar rani. A cikin ruwa kuma, ɗan ɗigon madara kusa da inda ake zargi zai nuna hanya, domin tsaga za ta zuƙe shi. Idan inji yana fitar da ruwa da kumfa, ko yana yawan yankewa, a duba ɓangaren da yake zuƙa, can iska ke shiga ko da ba a ga ɗigo ba.

Wajen gyara ne akasarinmu muke cutar kanmu. Ɗaure bututu da tsohuwar robar taya dabara ce ta kwana biyu, ba magani ba. Shafa gam a bayan mahaɗar da ke yoyo ma ɓata gam ne, domin shi gam ɗin bututun roba narkar da fuskokin biyu yake yi su zama ɗaya, kuma sai a kan wuri mai tsabta, busasshe. Abin da ya dace shi ne a yanke wurin, a sa sabuwar mahaɗa, a ba ta lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani kafin a saki ruwa. Mahaɗa mai zare kuwa farin tef take so, ba a kuma matse ta da ƙarfin tsiya, don roba tsagewa take yi. Bututun da ke kwance a rana yana yin gautsi, saboda haka a binne shi ko a yi masa fenti. Tsagar siminti a faɗaɗa ta kaɗan kafin a cike, sannan a tuna cewa sabon siminti yana sakin kaifin da ke kashe kifi. Sai an jiƙa shi an sauya ruwa sau da yawa kafin a mayar da su. Haka nan silikon ɗin banɗaki mai maganin funfuna guba ne ga kifi. Kafin duk wannan, a tanadi wurin da za a kwashe kifin, domin wanda ya fara gyara bai shirya ba, asara biyu zai yi.

Babu shakka akwai aikin da ya rataya a wuyan hukuma. Ma'aikatar da ke kula da kiwon kifi a Jihar Kebbi da makarantunmu na koyon sana'a ya kamata su sanya aikin famfo na tankin kifi cikin horon da ake ba matasa, domin rarraba 'ya'yan kifi da abinci ga wanda tankinsa ke yoyo tamkar zuba ruwa a kwando ne. Magina da masu aikin famfo su ma su ji tsoron Allah, su daina sa bututu marar kauri alhali an biya kuɗin mai kyau. Shi kuma mai tanki, kada ya biya cikon kuɗin aiki sai an cika shi da ruwa ya kwana uku ba kifi, an ga bai sauka ba.

Kabawa sun gāji sanin ruwa tun zamanin Kanta, kuma har gobe Sarkin Ruwa ba ya barin a faɗa Matan Fada sai ya duba kogin. Mai tanki a bayan gida shi ne sarkin ruwan kansa. Abin da ake buƙata daga gare shi bai wuce alama a jikin bango da dubawa kowace safiya kafin ya buɗe famfo ba. Allah Ya sanya albarka a cikin nemanmu, amin.