Daga Yamai zuwa Jidda ta jirgin sama

Yamai ita ce babban birnin ƙasar Nijar. Jidda kuwa birni ne na ƙasar Saudiyya, a bakin Bahar Maliya. Jiragen alhazai da yawa a can suke sauka, domin daga Jidda zuwa Makka ba a kai kilomita 100 ba.

Tsakanin Yamai da Jidda akwai wajen kilomita 4000, idan aka miƙe ba kwana ba kewaye. Daga Yamai zuwa Damagaram ta hanyar mota kusan kilomita 900 ne, kuma wanda ya taɓa yin tafiyar ya san yini guda take ci, ga gajiya. To, nisan Jidda ya ninka wannan fiye da sau huɗu.

Yaya ake auna nisa irin wannan, tun da ba igiyar da za ta kai? Ana iya gwadawa a cikin aji. Ɗalibi ya ɗauki ƙwallon taswirar duniya da zare, ya dafa bakin zaren a kan Yamai, ya ja shi sosai har Jidda, ya yanke. Sai ya kewaya tsakiyar ƙwallon da wannan guntun zare, yana ƙidaya. Zai ga sau goma ya aza shi kafin ya komo inda ya fara. Kewayen duniya kilomita 40000 ne. In aka raba shi goma, sai a samu 4000. Taswirar da ke rataye a bango ba ta dace da wannan aiki ba, saboda ita shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa dunƙulalliya.

Zaren yana ratsa Nijar, da arewacin Cadi, da arewacin Sudan, sannan ya ƙetare teku. Amma ba kullum jirgi yake bin zaren ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa kewayawa. Hanya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa.

Babban jirgin fasinja yana tafiya can sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa, yana cin kilomita 800 ko fiye a awa ɗaya. Ke nan awa 5 ta ishe shi miƙaƙƙiyar hanya. Ga wani abin mamaki: in ya tashi daga Yamai da ƙarfe 8 na safe, zai sauka agogon matafiyi yana nuna ƙarfe 1, alhali a Jidda ƙarfe 3 ta yi. Ba agogon ne ya lalace ba. Jidda tana gabas, rana tana riga fitowa a can, shi ya sa suke gaba da Nijar da awa 2.

Kakannin kakanni da ƙafa suka yi wannan tafiya, wasu bisa jakai da raƙuma. Mai cin kilomita 25 kullum, ba hutu ba ciwo, sai ya yi kwana 160. Amma wa zai iya haka? Guzuri yakan ƙare, sai a tsaya a yi noma ko ƙodago, a tara kuɗi, a ƙara gaba. Wasu sukan shekara biyar ko fiye kafin su komo gida. Wasu ma ba su komo ba, sun zauna a hanya, jikokinsu suna nan a Sudan suna magana da Hausa.