Kafin a yi mafarkin Landan, a leƙa Manhyia

Tambayi yaran Zango wurin da suke son gani a duniya, za ka ji Landan, Faris, Rum. Hotunan hasumiyar Eiffel da agogon Big Ben sun cika wayoyinsu. Ba laifi. Amma ka tambaye su ko sun taɓa shiga gidan tarihi na fadar Manhyia, wanda daga Alaba da ƙafa ma ana zuwa, sai ka ji tsit.

Ga shi kuwa wani ɓangare na abin da masu yawon buɗe ido ke zuwa kallo a Landan yanzu yana nan Kumasi. A 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka shiga garin nan, suka kwashe kayan fadar Sarkin Asante, suka cinna wa garin wuta. Bayan shekara 150, a 2024, kayayyaki 32 suka dawo: 15 daga British Museum, 17 daga gidan tarihi na Victoria da Albert. Akwai takobin sarauta, akwai lofen zinariya, da faifan zinariya da bayin fada ke ratayawa a ƙirji. Tun watan Mayu na wannan shekarar aka baje su a Manhyia, a ginin da Turawa suka yi wa Prempeh na Ɗaya a 1925 bayan ya dawo daga tsibirin Seychelles inda suka kai shi.

Sai dai fa aro ne. I, aro! Shekara uku, da damar ƙara uku, domin dokar Ingila ta hana waɗannan gidaje su ba da kayan kyauta. Mai kaya ya zama mai aro, abin da ciwo. Gidan tarihi na Fowler da ke Amurka dai ya mayar da nasa guda bakwai ba tare da sharaɗi ba.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, ai tarihin Asante ne? A nan ne aka yi kuskure. Lokacin da Baturen nan Bowdich ya zo Kumasi a 1817 ya tarar da malaman Musulmi suna da unguwarsu, suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu. Wani ƙunshi na takardun Larabci na waɗannan malamai, wanda aka tsinta bayan yaƙin Katamanso a 1826, yana ajiye a ɗakin karatu na masarautar Denmark a Copenhagen har yau. Babu wanda ke maganar dawo da shi, mu ma da yawanmu ba mu san da shi ba.

Akwai kuma wanda ba mu cika son faɗa ba: cikin rundunar da ta yaƙi Asante a 1874 akwai sojojin Hausawa da Kyaftin Glover ya jagoranta. Kakanni suna ciki, suna waje. Wanda ya je tsohon sansanin soja na Adum, inda mayaƙan Yaa Asantewaa suka tsare Turawa a 1900, zai fi gane yadda abin ya cakuɗe.

Bizar Ingila sai an sha wuya, kuɗin jirgi kuma ba a magana. Manhyia kuwa kuɗin trotro ne da na shiga. Makarantun Islamiyya da na boko a Aboabo, Asawase da Sabon Zango su sa rana su kai yara. Shekara ukun farko za ta cika a 2027.