Dakalin Girki A Tsakar Gida: Laka, Katako, Siminti Ko Dutse?

Daga Wakilinmu na Arewa

A garin Gidan Waya, cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna, inda Kwalejin Ilmi ta jihar take, yawancin girki a waje ake yinsa. Ko gidan da aka gina da madafa a ciki, in ka leƙa tsakar gida sai ka tarar da murhu da rumfa, domin hayaƙin itace da gawayi ba ya shiri da ɗaki. Abin da magidanta suke ƙarawa shi ne dakali, watau wurin ɗora tukwane da gyaran kayan miya. To, da me ya kamata a yi shi?

Kada masu karatu na Ikko su ɗauka duk Arewa fari ne. A wannan yanki na Kafanchan, ruwa yakan sauka tun watan Afrilu, bai ɗauke ba sai Oktoba, sa'an nan hunturu ya zo ya busar da komai ƙayau. Wannan jiƙewa da bushewa ita ce ke cinye dakali.

Na laka ya fi arha, kuma in an shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, yakan jure ruwa. Amma sai an sake yaɓe kusan kowace shekara, ɓeraye kuma suna haƙa rami a gindinsa. Wannan kuwa babbar magana ce. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969, ya kuma ɓarke a Jos a 1970, daga fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci. Duk dakalin da ba a iya wanke shi da ruwa da sabulu, bai dace a yanka kayan miya a kansa ba.

Katako yana da sauƙin samu, ga dajin gwamnati na Nimbiya nan kusa, inda aka dasa itacen tik. Tik yana da mai a jikinsa, gara ba ta cika kusantarsa ba, ruwa kuma ba ya saurin ruɓar da shi. Malaina ba ta kai shi ba. Filawud kuwa, ko an lulluɓe shi da Formica, damina ɗaya ta ishe shi ya kumbura ya ɓare. Wanda ya zaɓi katako ya ɗora ƙafafun bisa bulo, ya kuma nisanta shi da wuta. Waɗansu sukan shimfiɗa kwanon rufi a kai. Wannan tsatsa yake yi, bakinsa kuma yana yankan hannu.

A ganina, siminti shi ne daidai da aljihun yawancin jama'a, in dai an yi shi bisa ƙa'ida. A haɗa awo 1 na siminti da 2 na yashi da 4 na tsakuwa, a sa rodi, kauri ya kai inci 3, a goge saman ya yi santsi. Inda magina suka fi yin ha'inci shi ne wajen ban ruwa. Sai an riƙa jiƙa shi har kwana 7, musamman da hunturu. In ba haka ba ya tsattsage, ruwan nama da manja su riƙa shiga tsagar, wari ya biyo baya. A ɗan karkata saman domin ruwa ya gangara, a kuma bar rata tsakaninsa da murhu, don zafin wuta yana fasa siminti. Mai hali ya ɗora tayil a kai, amma na ƙasa, domin na bango ba shi da ƙwari. Manya sun fi, saboda datti a tsakanin tayil yake maƙalewa.

Sarkinsu duka shi ne baƙin dutse, irin wanda duwatsun Kagoro suke da shi. Tukunya mai zafi ba ta yi masa komai, wuƙa ba ta karce shi, kuma ai iyayenmu mata sun daɗe da sanin haka tun daga dutsen niƙa. Wahalarsa tsada da nauyi, domin gogaggen falle sai an ɗauko daga manyan birane. A yi hattara da mabul, wanda masu sayarwa kan tallata saboda ƙyalli. Ruwan tsamiya da lemon tsami suna cin fuskarsa, manja kuma in ya shiga ba ya fita.

Saura tsayi. Littattafan gini suna cewa ƙafa 3, amma wannan na mai girki a tsaye ne. Uwargidan da ke tuƙa tuwon acca bisa kujerar tsuguno ƙafa ɗaya da rabi ta ishe ta. Kafin magini ya aza bulon farko, maigida ya kira ta ta zauna, a auna da hannunta.