Sawun Masu Karatu: Abin da Shafin Gwamnatin Birtaniya Ya Koya Lokacin Korona

A daren 23 ga Maris, 2020, Firayim Ministan Birtaniya na wancan lokaci, Boris Johnson, ya fito a talabijin ya ce kowa ya zauna a gida. Washegari saƙon tes daga gwamnati ya fara shiga wayoyin jama'a a faɗin ƙasar, ɗauke da adireshi guda: gov.uk/coronavirus. Jama'a suka yi dafifi a shafin, kowa da abin da ya hana shi barci. Wani so yake ya ji ko an yarda ya je duba mahaifiyarsa. Wata kuma an rufe wurin aikinta, tana neman sanin wa zai biya ta a ƙarshen wata.

Shafin GOV.UK ba sabo ba ne. An buɗe shi a watan Oktoba na 2012 domin ya tara bayanan ma'aikatun gwamnati a wuri ɗaya, a hannun hukumar Government Digital Service wadda aka kafa a 2011. Tun daga farko ƙa'idar masu aikin ita ce a fara da buƙatar mai karatu, a kuma yi rubutu da sauƙin da yaro ɗan shekara 9 zai iya bi. Amma ta yaya ma'aikacin da ke zaune a Landan zai san buƙatar mutumin da bai taɓa gani ba, a lokacin da doka ke sauyawa kusan kowane mako?

Amsar tana cikin sawun da masu karatu ke bari. Manhajar ƙididdiga irin su Google Analytics tana nuna shafin da aka fi buɗewa, da inda mutum ya fito kafin ya iso, da ko da waya ya shigo ko da kwamfuta, da kuma wurin da ya gaji ya fita. Akwatin bincike ya fi komai tona asiri, domin a nan mutum ke rubuta damuwarsa da bakinsa. Idan dubban mutane suka buɗe shafi, sannan nan take suka koma akwatin suna rubuta tambaya iri ɗaya, to shafin bai ba su amsa ba, komai kyan Turancinsa. Kamar mai shago ne da ya lura kullum ana tambayarsa gishiri alhali gishirin na nan a bayan buhunan shinkafa: sai ya fito da shi bakin kanta.

Akwai kuma 'yar tambayar da ke ƙasan shafukan GOV.UK, wadda ke neman mai karatu ya faɗi ko shafin ya amfane shi, e ko a'a, tare da damar rubuta ƙorafi. Alƙaluma suna nuna inda ciwon yake, ƙorafin kuwa shi ke faɗin irin ciwon.

Lokacin annoba wannan aiki ya zama na gaggawa. A 20 ga Maris ministan kuɗi Rishi Sunak ya sanar da cewa gwamnati za ta biya kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatan da aka dakatar, har fam 2,500 a wata. Sanarwa irin wannan takan fito da yaren ofis, amma mai karatu tambaya ɗaya ce a ransa: ina ciki ko ba na ciki? Aikin masu shafin shi ne su gano wannan tambayar su sa amsarta a sama, ba a sakin layi na goma ba, musamman ga wanda ke karantawa a ƙaramin allon waya.

Misali mafi kyau ya zo a watan Oktoba na 2020, lokacin da aka raba Ingila gida uku gwargwadon tsananin cutar, kowane mataki da nasa dokokin. Jera sunayen ƙananan hukumomi ba zai wadatar ba, tunda ba kowa ya san inda iyakar tasa ta tsaya ba. Sai aka samar da gurbi guda inda mutum zai rubuta lambar unguwarsa ta gidan waya, nan take ya ga dokar da ta hau kansa. Wannan shi ne gyara na gaskiya, domin ya ɗauke wa ɗan ƙasa nauyin lalube ya mayar wa gwamnati.

Sai dai alƙaluman nan suna da makanta, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. A lokacin annobar, dokar Birtaniya ta ce sai mai shiga shafi ya ba da izini kafin a bi sawunsa, don haka wanda ya ƙi ba ya cikin lissafi. Mafi muhimmanci, tsohon da ba shi da intanet bai bar sawu ko ɗaya ba, alhali shi cutar ta fi yi wa barazana. Shi ya sa mutanen da lafiyarsu ta fi rauni aka aika musu wasiƙu har gida.

A Najeriya, inda aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta riƙa wallafa alƙaluma a shafinta, ta kuma buɗe layin kira kyauta na 6232. Tambayoyin da ake yi a irin wannan layi, da waɗanda masu sauraro ke bugowa gidajen rediyon Kano da Kaduna, su ma sawu ne da ya cancanci a tattara a nazarta. Hukumomin lafiya su ware ma'aikatan da za su riƙa duba waɗannan tambayoyi kowace safiya, su rubuta amsoshin da Hausa da sauran harsunan jama'a, kuma su fara tun yanzu da ba a shiga wata annobar ba.