Kamfanin da Aka Kafa Don Aiki Ɗaya: A Littafin Wa Ake Rubuta Bashinsa?

A watan Satumba na 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, na naira biliyan 100, domin ayyukan hanyoyi 25, ciki har da tagwaita hanyar Kano zuwa Katsina. An fitar da takardun ne ta hannun wani kamfani mai suna FGN Roads Sukuk Company 1 Plc. Irin wannan kamfani ana kafa shi don manufa ɗaya tak: ya tara kuɗin, ya riƙe kadarar a madadin masu zuba jari, ya riƙa biyan su haƙƙinsu.

Tsarin ba laifi ba ne, muddin an bayyana wanda ke juya kamfanin da wanda zai biya bashinsa. Ɓarna tana farawa ne idan aka mayar da shi rumbun ɓoye asara, kamar yadda kamfanin makamashi na Enron ya yi a Amurka. Enron ya kafa ƙananan kamfanoni irin su Chewco da LJM, ya tura musu basussuka da kadarorin da darajarsu ke faɗuwa, littafinsa kuma ya ci gaba da nuna riba. Manyan jami'ansa suna samun kaso mai tsoka na ladansu ta hanyar hannun jari, don haka tashin farashin hannun jarin ribarsu ce kai tsaye. Da asiri ya tonu, kamfanin ya durƙushe a Disambar 2001, dubban ma'aikata suka rasa aiki da tanadin tsufansu. Arthur Andersen, kamfanin da ke binciken asusunsa, shi ma ya wargaje.

Ƙa'idojin lissafi na duniya sun toshe waɗannan kafofi biyu. IFRS 2, wadda ta fito a 2004, ta wajabta a rubuta hannun jarin da aka biya ma'aikaci da shi a matsayin kuɗin da aka kashe, tamkar albashi. IFRS 10 ta 2011 kuma ta ce duk kamfanin da ke iko da wani, dole ya haɗe lissafin su biyun wuri guda. Kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari ta Nijeriya sun koma kan ƙa'idojin IFRS daga 2012, ƙarƙashin kulawar Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi da aka kafa bisa dokar 2011.

Batun ya shafi har ma'aikacin da ke Babban Mutum a ƙaramar hukumar Ɓaure, idan yana cikin tsarin fanshon da ake cire masa wani kaso kowane wata, domin masu kula da asusun suna zuba kuɗin a takardun gwamnati da hannayen jarin kamfanoni. Amincin wannan tanadi ya rataya ne a kan mai binciken asusu ya tabbatar da abu biyu kafin ya sa hannu: cewa babu bashin da aka jingine a littafin wani kamfani, kuma ladan shugabanni, ko da hannun jari ne, an cire shi kafin a ambaci riba.